MASU KAMA RANA A ƘASAR MAROKO

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ka sam mini ɗan fili cikin jaridarmu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani gari da na ziyarta a ƙasar Maroko, sunansa Warzazat, inda a ke mai da zafin rana wutar lantarki.

Daga birnin Marakish a ke kama hanya, tafiyar wajen mil 120, amma mil ɗin nan ba irin namu na sarari ba ne. Mota hawa ta ke yi tana karkacewa kamar maciji bisa duwatsun Atlas, har a kai wata ƙofar dutse da a ke kira Tishka, tsayinta ya fi ƙafa 7,000, sa'an nan a gangara. Da an gangara sai ƙasa ta sāke, itace ya yi ƙaranci, sai jan dutse da tsakuwa iyakar ganinka. Garin kansa ba babba ba ne. Akwai tsohuwar fada ta jar ƙasa mai benaye, wadda Bakano in ya gani sai ya ce maginan unguwarsu suka yi ta. Mutanen wurin yawancinsu Barbar ne, harshensu kuwa dangin na Abzinawa ne.

Kamar mil 6 daga gari a ke tarad da abin da ya kai ni. Tun daga nesa za ka hango wata hasumiya, tsawonta wajen ƙafa 800, kanta yana ƙuna fari fat kamar an sauko da wata rana ta biyu. Sunan wurin Nur, watau haske. Faɗinsa ya kai hekta 3,000, an kasa shi huɗu.

Kashi na fari Sarki Muhammadu na Shida ya buɗe shi cikin Fabrairu 1916 da ɗari, watau 2016. Madubai ne wajen 500,000, an lanƙwasa su kamar kwami, an jera sahu sahu, suna juyawa a hankali suna bin rana tun hantsi har faɗuwarta. A tsakiyar kowane kwami akwai bututu mai ɗauke da wani irin mai. Madubin ya tattara haske ya zuba kan bututun, mai ya yi zafi har kusa da digiri 400, ya tafi ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da wuta. Wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin tabarau a makaranta ya riga ya san asirin, sai dai girma. Kashi na biyu ma haka ya ke. Na uku shi ne mai hasumiya: madubai 7,400 sun kewaye ta, kowanne ya fi ɗakin soro faɗi, duka suna harba haskensu wuri guda. Na huɗu allunan nan ne baƙaƙe da muka saba gani bisa rufin gidaje. Jimlar ƙarfinsu megawat 580. Don mai karatu ya gane awon, megawat ɗaya ya isa ya kunna ƙwai 100,000 masu wat 10, madatsar Kainji kuwa an gina ta a kan 760.

To, mai hankali ya tambaya, in rana ta faɗi fa? Nan ne dabarar ta ke. Suna da manyan tankuna cike da gishiri, ba na miya ba, irin wanda a ke yin takin zamani da shi. Da rana a gasa shi yana narke kamar ruwa, ya riƙe zafi. Da almuru ta yi, sa'ad da kowa ya koma gida ya kunna fitila, sai a jawo zafin nan a ci gaba da yin tururi. Kashi na fari yana iya sa'a 3 a haka, na biyu da na uku wajen sa'a 7. Rumbu ke nan, amma rana a ke zuba masa maimakon gero.

Abin da ya fi madubai ba ni sha'awa shi ne yadda aka shirya al'amarin. Maroko ba ta da man fetur ko kwal na kirki, kusan kashi 9 cikin 10 na makamashinta daga waje ta ke saye. Saboda haka a 2009 hukuma ta yanke shawara, a 2010 ta kafa doka mai lamba 13-09 wadda ta yarje wa 'yan kasuwa su yi wuta da rana ko iska su sayar. A shekarar nan kuma aka kafa ma'aikata guda, MASEN, aka ɗora mata aikin: ita ke neman fili, ita ke karɓo rance daga Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da bankunan Jamus da Faransa, ita ke gayyatar kamfanoni su yi takara, ita ke alkawarin sayen wutar shekara 25. Kamfanin ACWA Power na Saudiyya ya ci takarar. Mu akawuna mun san yadda takarda ke tsufa tsakanin ofis da ofis, don haka mun san darajar a ce ƙofa ɗaya za a ƙwanƙwasa.

Amma kada in yi wa masu karatu rabin labari. Wutar madubai tana da tsada. MASEN tana sayenta da kuɗin da ya fi wanda ta ke sayar wa hukumar lantarki, gibin kuwa aljihun gwamnati ke cike shi. Ana cikin ginin sai farashin baƙaƙen alluna ya faɗi warwas a duniya, kusan kashi 9 cikin 10 tsakanin 2010 da 2020, har majalisar shawara ta tattalin arzikin ƙasar ta fito a 2020 ta ce hanyar madubai ta yi tsada. Gardamar nan ce ta tsai da wata babbar tasha a Midalt, wadda aka ba da kwangilarta a 2019 ta yi shekaru ba a fara ba. A 2024 kuma tankin gishirin hasumiya ya yi yoyo, ta tsaya fiye da shekara guda kafin a gyara.

Ga kuma maganar ruwa. Madubi mai ƙura ba ya aiki, dole a riƙa wankewa, kashi na fari kuma da ruwa a ke sanyaya injinsa. Ruwan daga madatsar Mansur Azzahabi a ke jawo shi, ita ce kuwa manoman dabino na kwarin Dara'a ke dogara da ita, ga fari ya matsa wa ƙasar shekaru a jere. Filin ma makiyayar jama'a ce aka saye a kan dirhami ɗaya kowace mita murabba'a. A ganina an yi musu araha, gama abin da mai taswira ya kira fako, makiyayi ya san inda ciyawarsa ta ke.

Iska kuwa, wadda ba a cika yi mata kirari ba, ita ta fi rana ba su wuta. A Tarfaya, bakin Tekun Atlantika, an kafa farfeloli 131 masu ba da megawat 300 tun 2014, da wasu da yawa a arewa wajen Tanja. Sun yi niyyar kafin 2020 kashi 42 cikin 100 na ƙarfin tashoshinsu ya zama na rana da iska da ruwa, suka tsaya wajen 37, yanzu suna neman 52 kafin 2030. Duk da haka fiye da rabin wutar da su ke sha har yau da kwal a ke yin ta, kwal ɗin kuwa a jirgin ruwa a ke kawo musu shi.

Ni ne naka,
Wani Akawu.