Daga Arkilla zuwa Pemba: shekara biyu a hannun teku

Ranar Asabar da ta wuce, a teburin wani mai shayi a Arkilla, na ga wani saurayi ɗan bautar ƙasa sanye da kakinsa, yana nuna biredi da yatsa saboda ba ya jin Hausa. Yara na ta dariya. Ga alama bai daɗe da fitowa daga sansaninsu na Wamakko ba. Ban yi dariya ba, domin ni ma na taɓa tsayawa haka a gaban mai shayi, a wani tsibiri da ke cikin Tekun Indiya.

Na je can ne ƙarƙashin shirin Technical Aid Corps, wanda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1987 don tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Rabona ya faɗa Zanzibar, wadda ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya. Daga babban tsibirin Unguja jirgin ruwa ya kai mu Mkoani a kudancin Pemba, mota ta bi da ni ta Chake Chake, daga nan kuma sai kwalekwale zuwa ƙaramin tsibirin da zan koyar da lissafi. Basakkwacen da iyakar saninsa da ruwa shi ne Gulbin Rima a Kwalkwalawa, ranar nan ya karanta duk addu'ar da ya haddace.

Abu na farko da ya ɗaure min kai shi ne agogo. Waswahili suna fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. Aka ce min taron malamai ƙarfe biyu. Na yi wanka bayan azahar na tafi, na tarar an watse tun da hantsi.

Amma agogon gaske a can teku ne. Sau biyu a yini yake cika, sau biyu yake janyewa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. In ya janye, sai ka ga fili fetal na laka da yashi, mata sun shiga gonakinsu na ciyawar teku da suke ɗaurewa a igiyoyi, su busar su sayar. In ya cika, maza su tura jirage. Ɗalibaina da ke zuwa daga ƙetaren mashigi ba ƙararrawa ke kawo su ba. Na shafe wata biyu ina rubuta sunayen masu latti ina faɗa, har wata yarinya ta yi ƙarfin hali ta ce, “Mwalimu, ruwa ne bai ba mu hanya ba.” Daga ranar na koma duba wata kafin in sa ranar jarrabawa. Wani tsohon masunci ne ya koya min cewa ruwa ya fi cika a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu.

Wahalar aji kuwa ta harshe ce. Yaran sun yi yawancin firamare da Swahili, sai a sakandare aka juya su zuwa Turanci. Ina bayani suna gyaɗa kai, irin gyaɗawar da na sani sarai a makarantunmu na Sakkwato. Dole na zama ɗalibi da dare. Larabci ya yi min rana: habari labari ne, sabuni sabulu, karatasi takarda, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara ba. Ran da na fara warware lissafi a allo da gurguwar Swahilina, ajin ya fashe da dariya, amma a ranar ne hannu bakwai suka tashi.

A masallaci ma baƙo ne ni. Galibinsu Shafi'awa ne, liman yana bayyana Bisimilla, ana ɗaga hannu a ƙunutin asuba bayan ruku'u. Da wani dattijo ya ga na saki hannuwana, sai ya tambaye ni ko ni Ba'ibade ne, domin akwai Ibadawa a Pemba tun zamanin sarakunan Oman. Na ce Bamalike ne daga garin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bai san garin ba, amma daga ranar kullum da magariba sai jikarsa ta kawo min shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, da kifi. Wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza ce kaɗai na kasa ci har na dawo.

Lokacin tsinkar kanumfari, wanda Sarki Sayyid Sa'id ya yaɗa nomansa a ƙarni na 19, aji yakan rage rabi. Yaran sun haye babban tsibiri, suna kan bishiyoyi, an shanya tabarmi a bakin hanya, iska duk ƙamshi. Na yi fushi da farko, sannan na tuna yadda azuzuwanmu ke zama lokacin girbin gero. A ganina, duk wanda ya tsara kalandar makaranta daga ofis ba tare da duba abin da mutane ke ci da shi ba, shi ya kori yaran.

Ko na bar wani abu a can? Ɗalibai kaɗan sun ci jarrabawar aji huɗu, ɗaya tana karatun aikin jinya, takan aiko min da saƙo a WhatsApp. Malamin da na so ya gaje ni an mayar da shi birni kafin in tafi, wannan kuwa har yanzu yana damuna.

Saurayin nan na Arkilla daga Akwa Ibom yake, an tura shi koyar da kimiyya a wani ƙauye bayan Wamakko. Na biya masa shayin, na rubuta masa kalmomi goma a bayan takardar biredi, na fara da “Ina kwana” da “Nawa ne?” Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa a ƙara masa goma.