Kwana Biyar da Kafaɗar Ƙanena

Asabar
An gama yankan shinkafa a fadama, aka buɗe fagen kokawa a wani ƙauye ta wajen Auyo. Ƙanena ya yi kaye biyu. A karo na uku wani ƙato ya sunkuce shi ya maka da ƙasa, har inda nake tsaye na ji ƙarar kafaɗar. Makaɗa ba su fasa kiɗa ba. A babur na dawo da shi Haɗeja, yana cije da bakin rigarsa.

Lahadi
Maɗori ya zo da sassafe, mu uku muka danne ƙanena aka mayar da ƙashin. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa.

Litinin
Barci ya ƙi zuwa, sai na nuna masa wasan zari-ruga a waya, irin na mutum 13 a kowane ɓangare, wanda in aka kayar da ku sau 6 ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ya ce, "Yaya, ai wannan kokawa ce da gudu." Muka tsaya kan Martin Offiah, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Najeriya. Ya shiga ƙungiyar Widnes a 1987, a 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan wani ɗan wasan zari-ruga ba kafin nan. Sau huɗu muka maimaita gudun da ya yi a Wembley a 1994, ranar da suka kara da Leeds: ya ɗauko ƙwallo daga bakin gidansu, ya ratsa fili kamar barewa, ba wanda ya cim masa. Sau 501 ya dire ƙwallo bayan layi kafin ya ajiye wasa, yau ga mutum-mutuminsa a ƙofar filin.

Ban nuna masa don ya yi sha'awa ba. So nake ya ga cewa a can ɗan wasa yana da yarjejeniya a rubuce, da albashi, da likitan ƙungiya. Nan kuwa wanda ya kira wasa ya kwashe kuɗin ƙofa, ko sannu bai aiko ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Talata
Na lissafa abin da ya samu a kakar bana: turmin atamfa ɗaya, buhun shinkafa, da kuɗin liƙi da suka ƙare a hannun maɗori da mai kemis. Shekararsa 24. Na ce ya bari haka. Ya ce 'yan kokawar Nijar da ke gasar neman takobi ai da kokawa suka gina gida, ka dubi Issaka Issaka na Dosso. Na rasa amsa, don gaskiya ya faɗa.

Laraba
Mutanen unguwa sun fita gayyar yankan ciyawar kacala, wadda ta toshe hanyar ruwa zuwa gonakinmu. Ya bi mu da hannu ɗaya rataye a wuya, ya zauna a gindin kwalekwale yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Da muka dawo na tarar Inna ta ɗauke layunsa daga jikin ƙusa. Ya duba wurin, ya dube ta, bai ce komai ba.