Ziyarar Hambag: Darasin Da Muka Koyo Kan Masana'antar Da Ta Dace Da Ƙaramin Layin Dogo

Gardama ce ta kai mu birnin Hambag. Mu uku ne, ɗalibai da ke karatu a Jamus, muna zaune gida ɗaya. Wata Asabar muka yi tsintuwa a kasuwar gwanjo: ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, da kansa da taragu huɗu da 'yan guntayen dogo. Muka samo tsohon ƙyauren ɗaki mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80, muka shimfiɗa dogon a kai.

Daga nan rigima ta tashi kan masana'antar da za mu gina a gefen layin. Ɗayanmu ya ce matatar mai, ɗaya ya ce kamfanin siminti. Na ukun bai tsaya shawara ba, ya kwashi kuɗin cefanenmu na mako ya sayo ginin masana'antar ƙarfe na roba, irin wanda ake harhaɗawa da gam. Da muka gama haɗa shi sai ya cinye rabin ƙyauren, jirgi ya rasa hanyar wucewa. Mako guda muka yi muna cin gayan taliya muna hararar juna. A ƙarshe muka yanke shawarar zuwa wurin waɗanda suka fi kowa sanin wannan aiki.

Hambag na bakin kogin Elbe, kuma a nan tashar jiragen ruwa mafi girma a Jamus take. Daga babbar tashar jirgin ƙasa muka taka da ƙafa zuwa wata unguwa da ake kira Speicherstadt, wato unguwar sito-sito. Dogayen gine-gine ne na jan bulo, a jere kamar sahu, ruwa na ratsawa a tsakaninsu. An fara gina su a 1883 a kan turakun katako da aka kafa cikin laka, domin ajiye kofi da ganyen shayi da koko da kayan yaji da dardumai. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

A cikin ɗaya daga waɗannan sito-sito Miniatur Wunderland yake, wurin da ke da ƙaramin layin dogo mafi girma a duniya. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, su suka kafa shi, aka buɗe a 2001. Gani ya kori ji. Dogon da aka shimfiɗa a ciki ya haura kilomita 16. Mun ga duwatsun Suwizalan da suka kai kusan mita 6, mun ga jiragen ruwa na yawo a kan ruwan gaske, mun ga filin jirgin sama inda 'yan jirage ke tashi suna sauka. Duk bayan minti 15 sai gari ya yi duhu, dubban fitilu su kama, sannan gari ya sake wayewa. Akwai ma wata 'yar masana'antar cakulan da in ka danna maɓalli za ta miƙo maka cakulan na gaske.

Mu dai masana'antu muka zo kallo, don haka muka fito da takarda da biro. Ma'aunin da ake amfani da shi a wurin shi ne 1 bisa 87, irin na jirginmu: ana raba tsawon kowane abu gida 87. Mutum ya koma kamar santimita 2, tarago mai mita 14 ya koma santimita 16. Da muka buga lissafi, ashe ƙyaurenmu duka mita 174 ne a fili, bai kai tsawon filin ƙwallo biyu ba. Kilomita ɗaya kuwa na buƙatar sama da mita 11 na katako. Mai son matatar mai ya duba takardar ya yi shiru.

Mun lura cewa su ma masu wannan makeken wuri ba komai suke sakawa ba. Suna zaɓar abin da ido zai gane masana'anta da shi, kamar bututun hayaƙi ko rumbun ƙarfe ko ƙofar lodi, su bar sauran. Mun kuma fahimci cewa gini a bakin dogo yana da amfani ne idan ya ba jirgi dalilin tsayawa, ya sauke wani abu ko ya ɗauki wani abu. Ginin da tarago ba ya zuwa ƙofarsa cin wuri kawai yake yi.

Amsar da muke nema a waje muka same ta. Da yamma muna tsaye kan wata gada, sai muka ƙare wa sito-siton kallo. Fuska ɗaya na kallon ruwa, ɗaya na kallon titi. Kowane bene da ƙofarsa, a can sama kuma akwai ƙugiyar da ake jan buhuna da ita. Maginan sun rasa fili a ƙasa, sai suka nemi fili a sama. Irin ginin da ƙyaurenmu ke buƙata ke nan.

Da muka koma gida muka yanka masana'antar ƙarfen nan, muka ɗauki bangon gabanta kawai mai kaurin santimita 3, muka jingina shi a gefen ƙyauren da ke manne da bango. Daga gaba, kai ka ce sauran ginin na can baya. Muka ƙara wani siririn sito mai hawa huɗu da muka yi da kwali, da tankin mai guda ɗaya a ƙarshen wani ɗan reshen dogo, don mai son matata ya huce. Yanzu jirginmu na da wurin tsayawa uku, kowanne da irin taragon da yake jira.

Ƙannenmu, wannan aiki ba sai da kayan kanti ba. Kwali da gam da tsinken tsintsiya da rula sun isa. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma gyaɗa da fatu na cikin manyan kayan da ya riƙa ɗauka zuwa Legas. Sito ɗaya, dalar gyaɗa ɗaya da tankin ruwa za su zauna daram a kan teburin aji. Kafin ku yanka kwali dai, ku auna teburin, ku raba komai gida 87, sannan ku tambayi kanku abin da jirgi zai zo ɗauka a ƙofar wannan gini.