Wanda Ke Tsaye a Bayan Motar Shara Ɗan Wani Ne

Jama'ar Mararaban Rido da kewaye,

Duk wanda ya saba zuwa taron ƙungiyarmu ya san babu maganar da ke cin lokaci kamar maganar shara. Littafin bayanan taro yana hannunmu, kuma in aka buɗe shi za a ga ƙorafin kusan iri ɗaya ne: mota ba ta zo a kan lokaci ba, an ƙara kuɗin kwasa, bola ta toshe kwata, wari ya hana masu shago sakat. Duk gaskiya ne. A yau muna so mu ƙara batu guda a kan waɗannan, wato ran mutumin da ke tsaye a bayan motar lokacin da ƙarfe yake ɗaga kwandon shara sama. Mu ne muke biyan kuɗin wannan aiki, a ƙofar gidajenmu ake yin sa, kuma a gaban 'ya'yanmu. Don haka muna da bakin magana a kai.

Motocin shara da muke gani a hanyar Kachia, daga Sabon Tasha zuwa nan har Kujama, iri uku ne galibi. Akwai mai matse shara, wadda ake zuba mata ta baya, wani faifan ƙarfe ya ja sharar ciki ya danne ta. Akwai mai hannuwa biyu da sarƙa, wadda ke sunkutar babbar kwantena daga ƙasa ta ɗora a bayanta. Sai kuma tifa, wadda ake loda wa da shebur, ta je juji ta ɗaga bodi ta juye. Dukansu abu ɗaya ke ba su ƙarfi, wato man haidurolik da famfo ke turawa cikin tiyo. Matsin wannan mai yakan ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau 50. Ƙarfin da ke murƙushe tsohuwar kujera kamar kara bai san bambancin katako da ƙashin mutum ba.

Masu ƙera waɗannan motoci sun koyi hakan ne da jinin mutane. A ranar 1 ga Fabrairu 1968, a birnin Memfis na ƙasar Amurka, wasu baƙaƙen fata biyu ma'aikatan shara, Echol Cole da Robert Walker, sun fake wa ruwan sama a cikin bayan motarsu. Motar tsohuwa ce, injin matse sharar ya tashi da kansa, ya murƙushe su. Abin da hukumar birnin ta ba iyalan kowannensu shi ne albashin wata ɗaya da dala 500 na jana'iza. Ranar 12 ga watan, ma'aikata kusan 1,300 suka shiga yajin aiki. Goyon bayan wannan yajin aiki ne ya kai Martin Luther King birnin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu na shekarar. Mutane da yawa sun san labarin kisansa, amma kaɗan ne suka san cewa daga bayan motar shara maganar ta taso.

Motocin zamani suna fitowa daga masana'anta da matakan kariya, kuma a Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 1501 da ta tsara su. Yana da kyau mu san su, domin wanda bai san abu ba ba zai gane an cire shi ba.

Akwai jan maɓalli mai faɗin kai a kowane gefe na bayan motar. Da an buga shi komai ya tsaya cak. An yi shi da faɗi ne don mutum ya iya dukansa da tafin hannu ko gwiwar hannu cikin firgici, kuma an sa shi gefe biyu ne don kada sai an zagaya mota kafin a ceci wanda ƙarfe ya kama. Akwai kuma madannin da ba ya aiki sai da yatsa a kai. Muddin mai aiki ya saki, ƙarfen ya tsaya. Hikimar ita ce, in mutum ya zame ko ya tsorata, sakin da zai yi shi ne cetonsa.

A jikin silindar da ke ɗaga kaya akwai wani ƙaramin bawul da ke riƙe mai. In tiyo ya fashe alhali kwantena tana sama, wannan bawul ne ke kulle man, kayan su tsaya a inda suke maimakon su rufto. Akwai wani bawul ɗin kuma da ke sakin mai ya koma tanki idan nauyi ya wuce ƙima, sai ka ji injin yana kuka amma ya ƙi ɗagawa. Wannan ba lalacewa ba ce, motar ce ke cewa kayan sun fi ƙarfinta.

Sai ƙarfen tokare. Duk sa'ad da aka ɗaga murfin baya ko bodin tifa don wanki ko gyara, akwai sandar ƙarfe da ake kafawa ta riƙe shi. Ba a shiga ƙarƙashin abin da mai kawai ke riƙe da shi. Motar da ke ɗaukar kwantena kuma tana da ƙafafu a baya da ake saukarwa su dafa ƙasa kafin a ɗaga, don kada gabanta ya tashi ko ta kife. Hatta matakin da ma'aikata ke tsayawa a kai yana da na'urar da ke jin nauyin mutum. A tsarin Turai, in da mutum a kai, motar ba ta yin ribas kuma gudunta ba ya wuce kilomita 30 a awa. Ga kuma ƙararrawar ribas da fitilar da ke juyawa a sama.

To, in haka ne, me ya sa muke ganin motoci a unguwanninmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke aiki? Yawancin motocin tokumbo ne, sun gama ƙuruciyarsu a Jamus ko Holan ko Beljiyam kafin su iso mana. Suna zuwa da kariyarsu, amma kariyar tana mutuwa a hankali, gyara bayan gyara. Wata na'ura ta lalace, mota ta ƙi aiki, a kai ta wurin rewaya. Sabuwar tana da tsada ko babu ita a kasuwa, ga mai mota yana jiran kuɗin ranar. Sai a haɗa waya kai tsaye, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Madannin da ke buƙatar yatsa a cusa masa tsinke ko a ɗaure shi da roba don aiki ya yi sauri. Bawul ɗin da ke ƙin nauyi a ƙara ɗaure shi don ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Fil ɗin ƙugiya ya ɓace a sa ƙusa mai inci shida. Ƙarfen tokare ya karye a jingina gungumen itace, ko ma a shiga haka nan.

Mun taɓa tsayawa a bakin kasuwa muna kallon wata mota tana ɗaga kwantena. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin an ɗinke ta da walda a tsakiya, mai yana tsiyaya daga tiyo, yaron mota kuma yana shafa tiyon da hannu yana neman inda ya huje. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi ritaya daga matatar mai, ya daka masa tsawa: "Kai yaro, cire hannunka!" Bayan an sauke kayan ya kira shi ya ce masa man da ke fita ta ƙaramin rami da irin wannan matsi yana huda fata kamar allura, ya shiga cikin nama. Raunin ba ya nuna girma a ido, amma in ba a yi aikin tiyata da wuri ba yatsa ko hannu na iya tafiya. Yaron ya ce, "Wallahi Baba, ba wanda ya taɓa faɗa mini."

Wannan amsa ta tsaya mana a rai. Garin nan a gindin matatar mai ta Kaduna ya girma, wadda aka buɗe a 1980. Muna da iyaye da yayye da suka shafe shekaru a wurin da ba a ɗaga kaya sai an duba sarƙa, ba a gyara inji sai an kashe shi an kulle, ba a tsayawa ƙarƙashin abin da ke rataye. Ilimin yana cikin gidajenmu. Bai kamata ya tsaya a ƙofar matatar ba, alhali yaran da ke kwashe mana shara suna aiki da irin wannan ƙarfi da silifas a ƙafa.

Ba ga masu mota kaɗai maganar take ba, akwai namu kason. Babban kwandon nan mai ƙafa huɗu, mai cin lita 1,100, an yi shi ne don kayan da ba su wuce kimanin kilo 440 ba. Amma sharar gidajenmu rabinta ƙasa ce da toka, wani kuma ya gama gini ya juye ɓaraguzan bulo a ciki. Kwandon da aka cika da yashi ya haura tan ɗaya da rabi, nauyin buhun siminti 30 da 'yan kai. Ko rabi aka zuba, ya kusa ninka abin da aka ƙayyade. Da damina kuma ruwa ya jiƙa komai ya ƙara nauyi. Wannan nauyi ne ke sa a taɓa bawul, shi ne ke tsinka sarƙa. Haka nan garwashin da ake juyewa da sauran wuta yana iya kama shara a cikin mota, kwalba da allurar asibiti kuma suna yanka hannun mai kwasa.

Ga kuma lungunanmu. Wayoyin lantarki sun yi ƙasa a wurare da dama, hannun motar kwantena ko bodin tifa kuwa in ya miƙe yana kai musu. Yara suna bin motar a guje suna ɗarewa a baya. Masu jari bola suna cusa hannu don ciro roba ko ƙarfe a daidai lokacin da injin ke aiki. Mu kuma da ke kan babur ko a mota muna matsa wa direba da hon ya yi sauri ya ba mu hanya, alhali minti biyu ne kawai zai ɗauka ya sauke ƙafafun motar. Sauri ya haifi nawa?

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mu musa ba, amma wanda ya cire birkin motarsa da hannunsa ba zai kira abin da ya biyo baya tsautsayi ba. Wani kuma zai ce in aka matsa wa masu kwasa za su ƙara kuɗi, ko su daina zuwa. Wannan damuwa ce ta gaske, don mun san halin da aljihu yake ciki. Sai dai yawancin abin da muke magana a kai ba shi ne mai tsada a jikin mota ba. Jan maɓalli da ƙararrawar ribas ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Fil ɗin ƙugiya da makullinsa kuwa, a Panteka akwai masu sana'ar da suka san kan ƙarfe. Wanda ke da tsada shi ne hannun da ya guntule, da gidan da ya rasa mai ciyar da shi, kuma in hakan ta faru kanmu ake dawowa neman gudunmawa.

Doka ma ba ta bar wurin a buɗe ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya rasu, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. A Ingila, tun 1998 doka ta ce a yi wa na'urar ɗaga kaya cikakken bincike duk wata 12, sarƙa da ƙugiya kuma duk wata 6. Wannan ma'auni ne mai kyau da kowane mai mota a nan zai iya ɗauka. A jiharmu akwai Hukumar Kare Muhalli, KEPA, da ke sa ido kan harkar shara, ga kuma Ƙaramar Hukumar Chikun. Ƙofofi ne da ƙungiya za ta iya ƙwanƙwasawa da takarda a hannu.

Saboda haka ga abin da muke kawowa gaban taro mai zuwa. Kafin mu sabunta yarjejeniya da kowane mai kwasar shara, a kawo motar fili, mu tura mutum biyu cikin dattawanmu da suka san aikin inji. A buga jan maɓalli a gabansu a gefe biyu a ga ya tsayar da inji. A saki madanni a ga ƙarfe ya tsaya. A nuna musu ƙarfen tokare, a duba sarƙa da ƙugiya da tiyo, a sa ribas a ji ƙararrawa. A tambayi mai motar ko ma'aikatansa suna da safar hannu da takalmin aiki, da kuma abin da ya tanada in ɗayansu ya ji ciwo. Mu kuma mu ɗauki namu alkawarin: ƙasa da ɓaraguzai ba za su shiga kwando ba, toka sai ta huce, kwalba da allura a naɗe su daban, a ajiye kwantena nesa da wayar wuta a kan ƙasa mai ƙwari, kuma duk babban da ya ga yaro kusa da motar ya kore shi, ko ɗan waye.

'Yan'uwanmu da ke karanta wannan shafi daga Kachia, Zonkwa da Kafanchan, irin motocin nan ne ke shiga unguwanninku, kuma irin yaran nan ne ke tsaye a bayansu. Ku ma ku ɗauki maganar zuwa tarukanku. Masu sana'ar rewaya da kanikanci da ke cikinmu, muna roƙonku musamman ku zo taron, domin a hannunku waɗannan na'urori ke rayuwa ko su mutu, kuma ku ne za ku faɗa mana abin da zai yiwu da kuɗin da ke akwai.

Allah ya tsare mana masu yi mana wannan hidima, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Sakataren Ƙungiya