Kwanika da tazarar haihuwa

A nan Gidan Amumune kowace mace ta san kwanika. Kwanika ita ce mace ta ɗauki ciki alhali tana da goyo a baya. Nono ya rage, a yaye yaro ba shiri, sai zawo da tamowa su kama shi. Uwar ma ba ta tsira ba. Ga ciki, ga goyo, ga daka, ga jan ruwa a rijiya mai zurfi.

Ni haihuwata takwas. Shidda suna raye. Biyun da Allah ya karɓa, ɗayansu ɗan kwanika ne. Yana da wata goma na samu cikin ƙanenshi. A shekarar 2005 ne, shekarar da hatsi ya yi wuya a jihar Maradi, rumbu ba kome. Ajali ne, na sani. Amma na san yadda ya rame a hannuna.

Kada a ce mana tazarar haihuwa abin baƙi ne. Kakanninmu sun san ta. Mace ta kan tafi gidansu wankan jego, ta daɗe. Miji ya kan yi haƙuri har yaro ya yi ƙwari. Wasu mata suna ɗaura guru a ƙugu, wasu su sha rubutu ko saiwoyi. Wadda ta yi kwanika har waƙar zambo ake yi mata a bakin rijiya. Ita kaɗai ake yi ma dariya, kamar ita kaɗai ta yi cikin! Malamanmu kuma sun ce Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku. Ma'aikatan lafiya su ma shekara biyu suke cewa a bari bayan haihuwa kafin wani ciki. Kun ga maganar ta zo ɗaya.

Abin da ya sake shi ne dubara. A 1988 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta yarda da magungunan tazarar haihuwa. A 2006 aka ce a riƙa ba da su kyauta a likitocin gwamnati. Da na raka ɗiyata likita bayan arba'in ɗinta, unguwarzoma ta baje mana su bisa tebur.

Akwai ƙwayoyi, ana shan ɗaya kullum. Suna aiki, amma ba su son mantuwa, kuma mu da damina mantuwa ba ta yi mana wuya. Akwai allura ta wata ukku. Ita ce mata da yawa suka fi so. Sai dai ta kan sake ma mace al'adarta, jini ya zo kaɗan-kaɗan ko ya ɗauke. In an bar ta, ciki ya kan yi jinkirin wasu watanni, wani lokaci har kusan shekara. Wannan jinkiri ne ya sa ake cewa allura tana kashe mahaifa. Ba ta kashewa. Maƙwabciyata ta yi allura shekara biyu, yanzu ga ta da tagwaye.

Akwai kuma ɗan abu kamar tsinken ashana, ana sa shi ƙarƙashin fatar dantse. Wani na shekara ukku ne, wani na biyar. Ranar da mace ta so ciki, ta koma a cire mata. Akwai wanda ake sawa cikin mahaifa. Na maza shi ne kwaroron roba, irin wanda ake saidawa da sunan Foula. Shi kaɗai ne cikinsu yake kare mutum daga sida.

Nono ma yana hana ciki, amma da sharaɗi ukku: yaro bai kai wata shidda ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, to a nemi wata dubara.

Wuyar aikin tana wajen maza. Mijin ɗiyata ya ce shi yana son 'ya'ya da yawa, gona tana son hannuwa. Na ce mashi: «Ɗana, wa ya hana ka? Ko gero in ka shibka shi cunkushe, sai ka rage shi kafin ya yi zangarniya. Mu hutu muke nema mata.» Bai amsa mani ba, kunyar surukai. Amma ya tafi wajen liman, ya kuma zauna da wasu magidanta da suka san makarantar mazaje, wadda aka faro a jihar Damagaram. A can maza suke zama su tattauna lafiyar matansu. Bayan sati biyu, shi da kanshi ya ɗauke ta bisa babur.

A binciken ƙasa na 2012 an ce macen jihar Maradi tana haihuwa fiye da takwas a rayuwarta. Ni ban ga laifin yawa ba. Abin da nike so, duk wanda aka haifa ya sha nononshi ya ƙoshi.

Ɗiyata allura ta zaɓa. An rubuta mata ranar komawa cikin karne. Ita ba ta iya karatu ba tukuna, ni ce nike duba mata. Saura kwana goma sha tara. Jikana yana da wata goma sha huɗu, ya fara bin awaki a tsakar gida.