Rana tsaka a daren matattu

Aikin koyarwa yana bar wa mutum wata cuta: idonsa ba ya hutawa da neman kuskure. Ko fim nake kallo, jan biro yana nan a zuciyata. Da wannan ido na sha kallon Night of the Living Dead, wato daren matattu masu rai, wanda George Romero ya fitar a Amurka a shekarar 1968. Daga gare shi ne finafinan gawarwaki masu cin naman mutane, waɗanda ake kira zombi, suka samo kamannin da muka san su da shi a yau.

Labarin gajere ne. Mutum bakwai sun maƙale cikin wani gidan gona a jihar Pensilbaniya, matattu sun kewaye su, sai wani baƙar fata mai suna Ben, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa, ya shiga toshe ƙofofi da tagogi da katako. A jikin ɗaya daga cikin katakon, mai lura zai ga rubutun da ke nuna kusurwar da za a kafa shi. Masu aikin ne suka yi alamar don su riƙa mayar da kowane katako gurbinsa, kada hoton yau ya saɓa da na jiya. Maganin kuskuren shi ya zama kuskuren.

Wanda ya fi damuna shi ne na talabijin. Dare ya tsala, mutanen gidan sun taru gaban akwati suna jin labarai, sai ga shugaban ƴan sandan yankin da mafarautansa suna bin matattu da bindigogi, rana tarwai a kansu. Ƙasa ɗaya, yanki ɗaya, nan duhu can haske. Wannan ban yafe shi ba, domin duk tsoron fim ɗin a kan jiran wayewar gari ya rataya. Haka kuma gawar farko, ta maƙabarta, da sauri take bin Barbra, har ta ɗauki dutse ta fasa gilashin mota, alhali yawancin ƴan uwanta na baya jan ƙafa kawai suke yi.

Amma da na san yadda aka yi aikin, sai hannuna ya yi sanyi da jan biron. Kuɗin fim ɗin duka wajen dala 114,000 ne (dalar Amurka, ba tamu ta cefane ba), abin da ko a lokacin bai taka kara ya karya ba. Jinin da ake gani ruwan cakulan ne, hoton baƙi da fari ya rufa masa asiri. Motar Barbra kuwa aro ce daga mahaifiyar Russell Streiner, ɗaya daga cikin masu shirya fim ɗin. Ana tsakiyar aiki motar ta samu lotsawa a gefe. Maimakon a nemi kuɗin gyara, sai Romero ya ƙara a labarin cewa motar ta gangara ta gogi itace. Duk wanda ya taɓa shirya wasan kwaikwayo na makaranta da rigunan aro ya san wannan dabara: idan tulu ya fashe gaban jama'a, sai a ce dama a wasan yake.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada ba ya cikin labarin. Da farko wani suna fim ɗin yake da shi, kuma a kan allon sunan ne aka rubuta shaidar haƙƙin mallaka. Da kamfanin rarrabawa, Walter Reade, ya canza sunan, sai aka manta da mayar da shaidar. Dokar Amurka ta lokacin ba ta da sassauci: aikin da ya fita ba shaida ya zama na kowa. Fim ɗin ya tara miliyoyin dala, kowa ya kwafa ya sayar, waɗanda suka kwana a gidan gonar suna kafa katako kuwa ɗan kaɗan ya shigo hannunsu. Har yau duk mai so yana iya haska shi a gidan al'adu ko a aji ba tare da ya biya kowa ko tamma ba.