Diyyar Yaran Sanƙarau

A bazarar 1996 sanƙarau ya sauka Kano. A unguwarmu, da yaro ya ce wuyansa na ciwo, uwarsa ta fara salati. Sai a ƙarshen 2000, da jaridar Washington Post ta fasa ƙwai, muka ji cewa ana tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani, Trovan, a kan yara wajen 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani da aka saba da shi, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi izininsu ba. Kamfanin ya ce ya nema, kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka tafi kotu, har New York.

Ni kuwa shari'ar a soron mutane ta same ni. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna, da aka dawo da shi a 2004 ina cikin matan da ke bi gida-gida. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa? Wata dattijuwa ta tare ƙofa, ta dubi akwatin ƙanƙarar da na rataya, ta ce, "'Yar nan, a fara biyan na sanƙarau tukuna." Na ce, "Inna, wannan daban ne." Ta ce duk kanwar ja ce. Jikanta na leƙe ta bayan zanenta, muka wuce ba mu ɗiga masa ba.

A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, miliyan 35 na waɗanda abin ya shafa, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai aka ce kowa ya zo gwajin ƙwayar halitta. Yara 200 ne, amma masu nema sun haura 500. Talauci bai bar wasu sun ji kunya ba, masu gaskiya kuma suka ji kamar ana ƙaryata su. A ganina nan aka fi ɓata wa mutane rai.

Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Lokacin wasu sa'o'in yaran da suka rasu har sun yi aure.